Kunnen Jatau

A gidan su Rabe, can ƙasar Damagaram, kwikwiyo ba ya kwana goma da kunnuwansa. Ran bakwai, kamar yadda ake wa jariri aski, mahaifin Rabe zai wasa aska, ya ɗora kwikwiyon a cinya, ya rage masa kunne biyu da rabin wutsiya, ya danna toka mai ɗumi a wurin, ya mayar wa uwar. Kafin ido ya buɗe an gama. Kare yakan tashi bai san wanda ya yi masa ba, bai ma san an yi ba. Ba don ado ake yi ba. Kura da kunne take kama kare, ɗan'uwansa kare ma haka, abin da babu kuwa ba a kama shi. Mafarauta ne su tun kaka da kakanni, kuma ba wanda ya taɓa tambayar malami hukuncin wannan, watakila don malamin garin da naman da karnukan suka kamo yake buɗa-baki.

Shekara talatin da huɗu ke nan da Rabe ya bar can. Ya biyo ta Chadi da Sudan ya zo aikin Hajji, kuma har yau in an tambaye shi yakan ce bai gama shirin komawa ba. Yanzu yana tsaron garken tumakin wani ɗan ƙasa mai suna Ayman, kudu da unguwar Misfala ta Makka, inda kwalta ta ƙare baƙaƙen duwatsu suka fara. Ɗakin kwano ɗaya, tankin ruwa ɗaya, tumaki saba'in. Matarsa Sa'adatu ta rasu shekara biyu da suka wuce. An yi mata salla a Harami tare da wasu gawa goma sha ɗaya, mutum wajen dubu ɗari suka tsaya mata, huɗu daga ciki sun san sunanta.

Wata Alhamis da safe ya ga karya a gefen hanya, motar ruwa ta take ta. Ƙarƙashin kwalbati akwai 'ya'yanta uku, biyu sun riga sun yi sanyi. Na ukun ja ne, idonsa a rufe, yana lalube da baki. Rabe ya sa shi a buhu ya kai garke, ya tatsi tunkiya, ya huda yatsan safar roba ya ba shi. Ya sa masa suna Jatau. Da la'asar ya ciro askarsa ya wasa a kan dutse, ya ce jibi, in kwikwiyon ya yi ƙarfin tsotso, sai a yi.

Kuskurensa shi ne akwai Juma'a a tsakani.

Kowace Juma'a yakan yi wanka, ya sa rigar da ba ta taɓa shiga garke ba, ya yi salla, ya wuce unguwar Mansur gidan 'yarsa Manal ya ci abinci. Manal a nan Makka, unguwar Utaibiyya, aka haife ta. Hausarta ta kicin ce da ta faɗa, sauran rayuwarta da Larabci take yi. Mijinta Uzair Bakano ne, yana karatun digiri na uku a fiƙihu. Mutum ne mai kirki da ladabi, aibinsa ɗaya shi ne bai taɓa barin tambaya ta mutu da ƙuruciyarta ba.

Suna cin shinkafa Rabe ya ba da labarin kwikwiyon, har ya faɗi abin da zai yi masa gobe.

Manal ta ajiye cokali. “Za ka yanke masa me, ya Baba?”

“Kunne. Da ɗan wutsiya.”

“Haram alaik. Me ya yi maka?”

“Bai yi komai ba. Don kada a yi masa ne.”

Ta jawo waya ta shiga nuna masa. Ƙasashen Turai da yawa sun hana, in ji ta, likitocin dabbobi sun ce zalunci ne, kuma kare da kunne da wutsiya yake magana.

“To ai shi ya sa,” in ji Rabe. “Ba a son mai gadi mai yawan magana.”

Uzair ya yi dariya kaɗan don girmama suruki, sannan ya gyara zama, kuma duk wanda ya san shi ya san abin da gyaran zaman ke nufi.

“Baba, da za a dakata tukuna. Mas'alar tana da saɓani. Akwai nassi da ya zargi masu tsaga kunnen dabba, aka haɗa su da masu canja halittar Allah. Amma kuma an yarda a fiɗiye rago, an yarda a yi wa raƙumi lalas don a gane shi. Sai an duba wanne naka ya fi kama da shi. Ka ba ni zuwa Juma'a mai zuwa.”

“Malam, kafin Juma'a idonsa ya buɗe.”

“Sai ya buɗe, Baba. Gara idon kare ya buɗe da a rubuta maka zunubi a Makka. Ka san nan ba kamar ko'ina ake auna shi ba.”

Nan Uzair ya same shi. Rabe ba ya tsoron kura, ba ya tsoron 'yan sintiri masu tambayar iƙama, takardar izinin zama, ya daɗe da koyon hanyoyin da ba sa bi. Amma ya zauna shekara talatin da huɗu a garin nan ne don ya mutu a cikinsa da tsabta, a tsaya masa inda aka tsaya wa Sa'adatu. Ba zai ɓata wannan a kan kunnen kwikwiyo ba. Kuma ba a musu da suruki malami a kan tabarmarsa, da shinkafarsa a baki. Da ya koma garke ya naɗe askar a tsumma ya sa a ƙasan akwati.

Juma'a ta zo, Uzair ya samo maganganun malamai uku, biyu sun saɓa wa juna, na ukun ya saɓa wa kansa. Juma'ar da ta biyo, wani abokinsa Basakkwace ya tayar da tambayar ko kare yana cikin dabbobin da nassin yake nufi, ko kuwa dabbobin kiwo kaɗai ne, kuma wannan tambayar ta ci wata guda. Sai jarrabawa ta shigo. Sai azumi, gari ya cika da masu Umara, ba wanda ya sami sukunin zancen kare. Kowace Juma'a dai Rabe yakan tambaya, da ladabi, bayan an wanke hannu.

“Malam, ya labarin kunnenmu?”

“Ana kai, Baba. An kusa.”

Jatau bai jira ba. Idonsa ya buɗe ran Talata, abin da ya fara gani kuwa gemun Rabe ne. Ya girma da dogayen ƙafafu da kunnuwa biyu manya, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kamar bai yanke shawara ba shi ma. Ba wanda ya koya masa tumaki, da kansa ya san wacce ke son tsallake shinge ya riƙa tare ta. Ya san ba a taka buzun salla. In Rabe ya kabbarta, sai ya kwanta taku uku daga gefe ya jira sallama. Rabe ya ware masa kwanonsa, yakan wanke hannu da ƙasa in yawu ya taɓa shi, in kuma ya gaji ya tuna cewa su Malikawa ne, ba su ɗauki yawun kare najasa ba.

Ya shiga yi masa magana, da Hausar Damagaram tsantsa, wadda tun rasuwar Sa'adatu ba shi da wanda zai yi wa ba tare da an ce “na'am?” ba. Yakan ba shi labarin farautar gada, da tafiyar ƙafa daga Abeche ta Chadi, da yadda Sa'adatu take ƙona tuwo in ta yi fushi ta ce wutar gas ce. Jatau yakan ɗora haɓa a gwiwarsa, kunnen nan na tsaye yana juyawa. Wata rana Rabe ya kama kansa yana shafa kunnen, yana jin laushinsa tsakanin yatsu. Bai taɓa shafa kunnen kare ba a rayuwarsa, don karnukan gidansu ba su da abin shafawa. Ya ji daɗi, kuma ya ji tsoro, don ya san abin da ya yi laushi a hannunsa zai yi laushi a haƙori.

A kan duwatsun da ke bayan garken akwai karnuka marasa ubangida, bakwai ko takwas, masu cin abin da mahauta suka zubar. Jatau yana wata shida suka sauko wata Talata, rana ta ɗan ɗaga, Rabe yana can yana buɗe famfon tanki. Jatau ya fita ya tare su shi kaɗai, da ƙarfin halin wanda ba a taɓa cizo ba. Babbansu, wani baƙi mai faɗin ƙirji, bai ɓata lokaci ba. Ya cafke kunnen hagu ya ja shi a ƙasa kamar tsumma. Kafin Rabe ya iso da sanda sun tafi da ɗan rago ɗaya, sun bar Jatau da kunne a tsage gida biyu.

Rabe ya wanke ciwon da ruwan gishiri. Wanda zai gaya wa “ai na faɗa” yana Mansur yana rubutu. Ayman ya zo da yamma ya ga jinin ɗan ragon, ya ce zai kira masu kama karnuka su share dutsen.

A Juma'ar makon ne Uzair ya kawo amsa. Shafi talatin da takwas, an ɗinke da bango kore. Ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu, ko da yake ya san ba ya karatu.

“Taƙaita min, Malam.”

“Abin da ya rinjaya a wurina, Baba, shi ne in don ado ne, haramun ne ba shakka. In kuwa akwai larura ta gaskiya, kamar karen tsaro a inda namun daji suke, wasu sun sassauta. Da sharaɗin a yi shi a kwanakin farko, lokacin da zafin bai da yawa. Bayan ya girma kuwa azabtarwa ce, ba wanda ya yarda.”

Rabe ya juya takardun a hannunsa. “Wato abin da babana yake yi.”

“Kusan haka, Baba. Amma yanzu da dalili.”

Sai ya gaya musu abin da ya faru ran Talata. Uzair ya sunkuyar da kai, kuma don a yi masa adalci, fuskarsa ta canja. Manal ta ce a kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan.

“Asibitin da sai sun ga takardar mai kare kafin su dubi kare?” in ji Rabe.

“Ni zan kai shi,” in ji Uzair. “Tawa iƙamar tana da rai. Sai dai mota, ba direban da zai yarda a sa masa kare. Zan nemi mai a-kori-kura. Ka ba ni zuwa Juma'a mai zuwa.”

Rabe ya dube shi, ya ce Allah ya saka da alheri, ya sa takalmansa.

Da safiyar Asabar ya ga karnukan a kan dutse, a jere, suna kallon garken kamar masu jiran a buɗe kanti. Jatau ya tashi yana gurnani zai tafi wurinsu, da kunne ɗaya a kumbure, ɗayan a tsaye lafiya lau yana kiran haƙori. Rabe ya riƙe shi. Ya san za su dawo kafin wata Juma'a ta zo.

Ya san kuma ƙa'idar mahaifinsa, ba sai an ɗinke masa ita da bango kore ba: kare in ya san hannunka, kada ka sa masa aska. Ya tuna da ita sarai lokacin da yake buɗe akwati. Amma ya gaya wa kansa cewa wancan zancen karnukan farauta ne da ake jefa wa ƙashi daga nesa. Jatau dabam ne. Jatau ya sha nono a yatsansa, ya san labarin Abeche. Zai ji zafi na kwana biyu ya huce, ya rayu.

Ya hura wuta da busasshen itace ya sami toka. Ya zauna a kan bulo ya kira. Jatau ya zo da gudu, wutsiya tana kaɗawa, ya ɗora haɓa a gwiwarsa inda ya saba. Rabe ya matse shi da ƙafafu, ya yi bisimilla, ya kama lafiyayyen kunnen.

Kunnen kwikwiyo ɗan kwana bakwai kamar ganyen alayyahu yake, aska na taɓawa ya rabu. Wannan guringuntsi ne. Askar ta shiga ta tsaya. Ya ja sau biyu, ya ja na uku. Kukan da Jatau ya yi ya sa tumakin duk suka taru a kusurwa guda. Ya juyo ya kama wuyan hannun Rabe da baki, haƙoransa a kan jijiya, ya riƙe. Bai datse ba. Suka dubi juna na ɗan lokaci a haka, sannan ya saki, ya fizge, ya bi ta ƙarƙashin shinge ya hau dutse. Rabe ya tashi ya bi shi har bakin shingen da toka a tafin hannu, yana kira, tokar tana zuba.

Bai mutu ba. Bayan kwana biyu Rabe ya hange shi a kan wani dutse mai faɗi, a kwance, yana kallon garken. Ya ɗauki kwano ya nufe shi, Jatau ya tashi ya koma dutsen da ke gaba. Ya ajiye kwanon ya dawo, sai da ya shiga ɗaki sannan karen ya sauko ya ci. Haka suka yi kwana tara. Rabe ya gwada zama a nesa yana ba da labari da ƙarfi, ya gwada juya baya, ya gwada barin hularsa kusa da kwanon. Tazarar ba ta ragu da taku ɗaya ba. A rana ta goma ya ga Jatau a bayan ayarin karnukan dutsen, na ƙarshe a layi, yana bin baƙin da ya tsaga masa kunne. Da alama ya auna cizon biyu ya zaɓi wanda ya fi fahimta.

Uzair ya samo motar a Juma'ar da ya yi alkawari. Rabe ya ce a mayar, ciwon ya warke.

Masu kama karnukan sun zo ran Lahadi suka kafa kejoji a gindin dutse da ragowar kaji a ciki. Litinin da hantsi suka dawo da babbar mota. Karnuka shida sun shiga, an haɗa su bibbiyu an ɗora a baya. Rabe ya bar tumaki ya tafi da saurin da gwiwoyinsa suka manta da shi. Jatau yana keji na biyu tare da baƙin.

Shugaban ma'aikatan wani dogo ne mai suna Mustafa, ɗan Sudan, jikan Hausawan Gadarif. Ya ji Rabe yana magana shi kaɗai ya amsa masa da Hausa mai nauyin Larabci.

“Lafiya, Hajj?”

“Ɗaya nawa ne. Jan nan. Karen garke ne, ba na dutse ba.”

“Karen garke ba ma ɗauka.”

“Ba ni da takardarsa. Ba ni da tawa ma, in gaskiya kake so.”

“Ban tambaye ka takarda ba, Hajj. Kowa yana cewa nasa ne, wasu don tausayi, wasu don su sayar. Mu hanyarmu ɗaya ce. Zan buɗe, ka kira shi. In ya zo, naka ne.”

Ya sa aka sauke kejin ƙasa. Wani ya tokare baƙin da sanda mai zarge, Mustafa ya ɗaga ƙofar. Rabe ya tsuguna taku biyar daga bakin, ya buɗe hannuwansa biyu don a ga ba komai a ciki.

“Jatau. Zo, ɗan nan.”

Karen ya ɗago kai. Inda kunnen dama yake akwai baƙin ɓawon ciwo mai karkace, aikin aska uku. Tsagaggen na hagu ya motsa, ya juyo wajen muryar.

“Zo mu tafi gida. Tumaki na jira. Na bar askar, wallahi na jefa ta a rijiyar shara. Zo.”

Jatau ya dubi fuskarsa, sannan ya dubi hannuwan, ya daɗe a kan hannuwan. Ya ja da baya a hankali har bayansa ya taɓa ƙarfen keji, ya manne da jikin baƙin, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu.

Rabe ya matso taku ɗaya. Karen ya fara rawar jiki, fitsari ya zubo ƙarƙashinsa. Rabe ya tsaya.

Mustafa ya ba shi lokaci fiye da yadda aikinsa ya yarda. Direba ya danna oda sau ɗaya, Mustafa ya ɗaga masa hannu, ya daina. Rabe ya kira sau bakwai ko takwas, muryar tana raguwa, har ta koma motsin leɓe.

“Wa ya yi masa wannan a kunne?” in ji Mustafa.

“Ni.”

Mustafa ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. “Ka yi haƙuri, Hajj. In na bar shi, dutse zai koma, gobe a sake kiranmu.”

“Ina kuke kai su?”

“Akwai wuri, bayan gari.”

“Ana ba su ruwa?”

“Ana ba su.”

“Ba ya cin abu mai yaji. Kuma in za a taɓa shi, a zo ta hagu, ya ga mutum tukuna.”

“Zan faɗa,” in ji Mustafa, ya sauke ƙofar.

Suka ɗaga kejin su biyu suka ɗora. Motar ta juya da ƙyar a kan tsakuwa ta kama hanyar kwalta. Rabe yana nan tsugune inda yake, hannuwansa a buɗe a kan gwiwa, rana tana hawa. Sai da tumakin suka dame shi da kuka ya tuna bai ba su ruwa ba. Ya dafa ƙasa ya tashi.